Labarin Otofaji: A Bar Azumi a Matsayinsa, a Dubi Abin da Muke Fesawa a Fadama

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka. Ni malamin bayoloji ne a wata sakandare a nan Yelwan Yauri, kuma na daɗe ina bin shafinku na lafiya, har nakan yanke wasu rubuce-rubucen in liƙa wa ɗalibai a allon sanarwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne rubutun da kuka buga gab da azumi, wanda ya ce wani mutumin Japan ya ci kyautar Nobel saboda ya tabbatar azumi yana sa jiki ya cinye cutar daji da sauran cututtuka. Maganar ta gaji da yawo a WhatsApp kafin ta iso gare ku, amma da ta fito a jarida sai ta sami rawani. Yanzu duk wanda na ja da shi sai ya ce, "Malam, ai har jarida ta buga."

Mutumin yana nan, sunansa Yoshinori Ohsumi, kuma an ba shi kyautar a 2016. Sai dai bai yi bincike a kan masu azumi ba, bai ma yi a kan mutane ba. Yis ya sa a gaba, wannan dai da masu gidan burodi ke zuba wa fulawa ta kumbura. Ya hana shi abinci, ya duba ta na'urar ƙara girma, ya ga ƙwayar halittar tana tattara wasu sassan jikinta cikin 'yan jakunkuna tana kai su wurin narkarwa. A 1993 ɗakin bincikensa ya fitar da ƙwayoyin gado 15 da ke tafiyar da wannan aiki. Wannan aiki shi ake kira otofaji. Sunan kuwa ya girmi Ohsumi a fagen, tun 1963 Christian de Duve na Beljiyam ya raɗa shi, shi ne kuma ya gano laisozom, jakar da ke ɗauke da sinadaran narkarwar.

Yunwa tana ƙara otofaji, wannan gaskiya ne. An gani a yis, an gani a ɓerayen da aka hana abinci kwana ɗaya ko biyu. Idan abinci ya yanke, ƙwayar halitta takan narkar da wasu kayanta don ta sami abin riƙe rai. Amma wannan kwasar ba ta cika zaɓe ba, abin da hannu ya kai shi ake ɗauka. Sharar da rubutunku yake yabo, wato a tsinto lalatacce a bar mai kyau, hanya ce daban, kuma inda aka fi saninta dalla-dalla shi ne a kan maitokondiriya. A can ba yunwa ce ke ba da umarni ba, wutar lantarki ce.

Ka yi haƙuri in ɗan shiga aji, don idan ba a san wannan ba sauran maganar ba za ta zauna ba. Maitokondiriya 'yan ƙananan sassa ne a cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu. Ƙwayar hanta ɗaya takan ɗauki 1,000 ko fiye. A cikinsu ne tuwon da muka ci yake gamuwa da iskar da muka shaƙa. Kowace tana da tantani biyu, na waje da na ciki. A jikin na cikin akwai jerin furotin masu karɓar ilektoron daga abinci, suna miƙa wa juna har su danƙa wa iskar oksijin. A tashoshi uku na wannan jeri, ta ɗaya da ta uku da ta huɗu, ana tunkuɗo ƙwayoyin haidirojin masu caji daga ciki zuwa waje. Sai ya zama tsakanin cikin tantanin da wajensa akwai bambancin caji na milibolt 150 zuwa 180, wato bolt 0.15 zuwa 0.18. Ɗalibaina sukan raina adadin, tunda batirin tocila ma bolt 1.5 ne. Sai in ce su raba shi da kaurin tantanin, wanda yake wajen nanomita 5, wato kashi 5 cikin biliyan na mita. Wanda ya iya lissafi a cikinsu yakan ɗago kai da amsar bolt miliyan 30 a kan kowace mita, ajin ya yi tsit.

Haidirojin ɗin nan suna neman komawa ciki, kuma ƙofar da aka bar musu wani furotin ne mai juyawa. Juyawarsa ce ke ƙera ATP, sinadarin da tsoka da ƙoda da ƙwaƙwalwa suke kashewa su yi aiki. Baligi yakan ƙera ya kuma kashe ATP kwatankwacin nauyin jikinsa kowace rana. Peter Mitchell na Ingila ya kawo wannan bayani a 1961, aka yi ta musu da shi shekara da shekaru, sai a 1978 aka ba shi Nobel.

Cajin yana da aiki na biyu, kuma a nan maganata take. Maitokondiriya tana da ɗan guntun DNA nata na kanta, wanda muke gada daga uwa, amma furotin 13 kacal yake tsarawa. Sauran, fiye da 1,000, a waje ake ƙera su a shigo da su, kuma da yawansu cajin nan ne yake jan su su ratsa tantanin ciki. Ba caji, ba shiga.

Cikin masu shigar akwai wani furotin da ake kira PINK1. Kullum ƙwaya tana ƙera shi tana turawa. Idan maitokondiriya lafiyarta lau, cajinta zai ja shi, wani furotin mai suna PARL ya datse shi, a mayar da guntun waje a hallaka. Shi ya sa da wuya ka sami PINK1 a jikin lafiyayya. Da zarar caji ya faɗi kuwa sai ya maƙale a bakin ƙofa, na baya ya zo ya tarar da shi, su taru a tantanin waje. Kamar gida ne a unguwa: muddin maigida yana nan lafiya, duk wanda ya yi sallama za a amsa a shigar da shi zaure, ba ka ganin kowa a waje. Ranar da ka ga baƙi sun yi cirko-cirko a ƙofar gida ba mai amsawa, ba sai an gaya wa maƙwabta akwai abin da ya faru ba.

PINK1 ɗin da ya taru yakan manna fosfet a kan wani ƙaramin furotin, yubikwitin, wannan kuma ya jawo wani da ake kira Parkin daga cikin ruwan ƙwaya. Parkin ya shiga liƙa ƙarin yubikwitin a jikin maitokondiriyar, PINK1 yana bi yana sa musu fosfet, ƙarin Parkin yana zuwa, har jikinta ya cika da tambari. Daga nan wasu furotin masu gane tambarin su jawo tantanin da zai naɗe ta, a rufe jakar, a haɗa ta da laisozom, a narkar, kayan su koma amfani. Wannan reshe na otofaji shi ake ce wa maitofaji. A 2008 Derek Narendra da Richard Youle a Amurka suka nuna shi ƙarara. Suka zuba wa ƙwayoyi wani sinadari mai zubar da caji, CCCP, cikin sa'a guda Parkin ya koma jikin maitokondiriya, bayan kwana biyu da yawan ƙwayoyin ba a ganin maitokondiriya a cikinsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a yanke hukunci da garaje. Maitokondiriya ba a zaune suke ɗai-ɗai kamar yadda muke zana su a allo ba, kullum suna haɗewa suna rabuwa. A shekarar ta 2008 dai ɗakin binciken Orian Shirihai ya nuna cewa idan ɗaya ta rabu biyu, sau da yawa ɓari guda yakan fito da caji mai ƙarfi, ɗayan da rauni. Mai raunin idan ya farfaɗo sai ya koma cikin 'yan'uwa. Idan bai farfaɗo ba, furotin ɗin da ke ba shi damar haɗewa, OPA1, yakan ragu, ya zauna shi kaɗai har a zo a kwashe shi.

To ga inda labarin azumin ya yi tuntuɓe. A 2011 ƙungiyoyin bincike biyu, ta Luca Scorrano ɗan Italiya da ta Jennifer Lippincott-Schwartz a Amurka, kowace a nata ɓangaren, suka gano cewa idan aka hana ƙwaya abinci maitokondiriyarta sukan rage rabuwa, su haɗe su yi dogaye, har su gagari jakar otofaji. Ashe a lokacin yunwa ƙwaya tsare su take yi, domin a lokacin ne ta fi bukatar wutarsu.

Batun daji shi ne ya fi ta da mini hankali. Otofaji yana taimakawa wajen hana ƙwaya lalacewa tun farko, amma idan ƙari ya riga ya kafu, shi ma da otofajin yake rayuwa a tsakiyarsa inda jini ba ya kai abinci sosai. Dajin fankiriyas, sashen cikin nan mai samar da insulin, sananne ne da wannan hali. Saboda haka wasu gwaje-gwajen asibiti toshe otofajin suke nema, kuma da me? Da haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka sha muna yara muka kwana susa, domin yakan taru a laisozom ya hana narkarwa. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu mai ƙari a nono. 'Yarta ta zo mini da rubutunku a waya tana tambaya ko su jinkirta komawa asibiti a Birnin Kebbi, Inna ta gwada azumin Litinin da Alhamis tukuna. Na ce mata azumin nafila lada ne ga mai iko, amma ranar asibiti ba a ɗaga ta. Ba kowace 'ya ce take da malamin bayoloji a maƙwabta ba.

Ni ba malamin addini ba ne, amma abin da aka karantar da mu a zaure ya ishe ni a nan. An wajabta azumi domin mu sami taƙawa, kuma a ayoyin Suratul Baƙara da aka wajabta shi a ciki aka yi wa marar lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki. Ibadar da ta tsaya da ƙafarta ƙarni 14 ba ta bukatar yis ya yi mata shaida. Wanda ya jingina ta da sakamakon ɗakin gwaji, me zai ce ranar da wani gwajin ya zo da akasin haka?

Da za ku ba da wannan fili ga abubuwan da ke zubar da cajin maitokondiriya, da kun fi amfanar mutanen Kebbi da Zamfara, domin a wurinmu ba sai an je ɗakin gwaji neman su ba. A kasuwa suke, wasu ma a bayan gida suke tsirowa.

Duk wanda ya tashi a bakin kogi ya san magimfa, ganyen da wasu ke dakawa su zuba a tafki ko ƙaramin rafi kifi ya taso a galabaice. Yana ɗauke da sinadarin rotinon da danginsa, aikin rotinon kuwa shi ne toshe tasha ta ɗaya a jerin nan na maitokondiriya. Kifin ba buguwa ya yi ba, wutar ƙwayoyinsa ce aka ɗauke. Ban ce wanda ya ci kifin ya kamu da wani abu ba, don rotinon ya fi saurin shiga kifi ta inda yake shaƙar iska a ruwa fiye da yadda yake shiga mutum ta hanji. Na kawo shi ne saboda abin da ya koya wa masu bincike. A 2000 a Amurka aka riƙa ɗura wa ɓeraye rotinon kaɗan-kaɗan ta jijiya na tsawon makonni, sai ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da dofamin, sinadarin da ke daidaita motsin jiki, suka lalace, irin lalacewar da ake gani a cutar Parkinson, mai sa rawar hannu da sandarewar jiki. Tun kafin nan, a 1982, wasu matasa masu allurar ƙwaya a Kalifoniya sun yi amfani da wani haɗi da ya gurɓata da sinadarin MPTP, cikin 'yan kwanaki suka sandare kamar tsofaffin da cutar ta daɗe da cinyewa. Likita William Langston ya bi diddigi. Daga baya aka gano MPTP yakan rikiɗe a ƙwaƙwalwa ya zama MPP+, shi ma tasha ta ɗayan yake toshewa.

Idan ka zana surar MPP+ a allo, ka zana ta farakwat kusa da ita, sai ka ce 'yan gida ɗaya ne. Farakwat shi ne maganin ciyawan nan da ke ƙone ganye cikin kwana ɗaya ko biyu. Sunayensa na kasuwa suna da yawa, sai ka duba ƙananan rubutun jikin robar za ka ga asalinsa. Shi nasa salon daban ne: yakan fizgi ilektoron ya miƙa wa oksijin kai tsaye, a sami wani nau'in oksijin mai cin tantani, caji ya riƙa yoyo. Kurɓi kaɗan yana iya kashe mutum ta huhu, kuma ba shi da makari. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007. A 2011 aka wallafa wani bincike a kan manoman Amurka da ya nuna waɗanda suka yi aiki da farakwat ko rotinon sun fi sauran kamuwa da Parkinson da wajen ninki biyu da rabi. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya cewa duk mai feshi zai kamu, kuma kamfanoni suna ta ja da shi. Amma ni alaƙar ta ishe ni in sa takalmi. Hukumar NAFDAC ma ta sanar da janye shi daga kasuwa, sai dai wanda ya saura a shaguna da ɗakunan ajiyar manoma bai ji sanarwar ba.

Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Kebbi a 2015 noman rani ya bunƙasa, mun gode Allah, feshi kuma ya ƙwace wa fartanya aiki da yawa. Masu feshin su wane ne? Ɗalibaina ne. Asabar da Lahadi suke goya injin feshi don kuɗin jarrabawa, ƙafa ba takalmi, gajeren wando, tankin yana ɗiga a gadon baya rana tana dukansa. Idan bakin injin ya toshe, da baki ake hure shi. Idan an gama, a kogi ake wankewa. Robar da ta ƙare kuma ba a yar da ita, na ga an zuba man gyaɗa a ciki, na ga an ɗaura mata igiya yaro ya tafi kiwo da ruwan sha.

'Yan'uwanmu na Zamfara sun ga nasu da ido. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo, aka kwashe ƙasar gidaje a garuruwa irin su Dareta da Bagega. Dalma tana ɓarna ta hanyoyi da yawa, kuma maitokondiriya tana cikin inda take sauka. Takan yi shigar kalsiyam ta kutsa ciki ta raunana caji, ta kuma hana matakin ƙarshe na ƙera jan sinadarin jini, wanda a cikin maitokondiriya ake sa masa ƙarfensa. Mu ma a ƙasar Yauri ana haƙar zinare, ba labarin nesa ba ne. Gubar sayanayid kuwa tasha ta huɗu take toshewa, kuma akwai ta a rogo mai ɗaci, shi ya sa iyayenmu mata ba sa wasa da jiƙo da shanya.

Wani zai ce ai tunda jiki yana da masu shara, sai su share. Maitofaji an yi shi ne don ɗai-ɗai, guda ta gaza cikin ɗari a cire ta a ƙera wata. Idan guba ta kayar da caji a ko'ina lokaci guda ba sauran zancen zaɓe, ga shi ita kanta sharar da ATP ake yin ta. A irin wannan hali maitokondiriya takan saki wani furotin, saitokurom c, wanda yake umartar ƙwayar gaba ɗaya ta mutu. Idan ta fata ce ko ta hanji, wata za ta maye gurbinta. Masu dofamin a ƙwaƙwalwa ba a sake su, ga rassa masu yawan gaske da suke ciyarwa da wuta dare da rana. A 1998 aka gano ƙwayar gadon Parkin a wasu iyalai na Japan da cutar ke kama su tun suna matasa, a 2004 aka gano ta PINK1 a wasu iyalai na Turai masu irin wannan matsala. Su masu sharar ne suka lalace tun daga gado. Wanda guba ta kama kuwa masu shararsa lafiya lau suke, aikin ne ya fi ƙarfinsu. Cuta ɗaya, an iso ta ta hanya biyu.

Don kada in yi abin da nake hana ku, in faɗi iyakar maganar. Mafi yawan masu Parkinson ba su da wannan lahani na gado, kuma shekaru su ne babban abin da ke kawo ta. PINK1 da Parkin ma ba su kaɗai ne hanya ba. Jajayen ƙwayoyin jini kafin su nuna sukan zubar da maitokondiriyarsu kaf ta hannun wani furotin, NIX, kuma a 2018 masu bincike a Dandi ta Sikotilan sun ga ɓerayen da ba su da PINK1 suna ci gaba da maitofajinsu na yau da kullum. CCCP ɗin ɗakin gwaji duka ne mai tsanani da ba kasafai jiki ke gamuwa da irinsa ba.

Abin da nake roƙo, Malam Edita, shi ne ku gyara wancan rubutu a shafin da kuka buga shi, da harafin da ya kai girman na farko, ku ce kada wanda ke karɓar maganin daji ko na sukari ya ajiye shi saboda otofaji. Sannan ku sa likita ya yi wa mutane bayanin Parkinson da Hausa. Muna da dattawa masu rawar hannu ko da suna zaune, masu tafiya da jan ƙafa, fuska ta daina motsi, ana cewa tsufa ne, ko iska, ko an yi musu hannu, alhali akwai maganin lebodofa da ke sassauta musu su ci abinci da hannunsu. Su kuma masu ba da shawarar motsa jiki, gaskiyarsu ce yana ƙara wa tsoka maitokondiriya, amma manomin Yauri ba motsa jiki ya rasa ba. Takalmin roba ya rasa, da safar hannu, da wanda zai gaya masa ya ba iska baya idan yana feshi, ya yi wanka da sabulu kafin ya sa hannu a akushi, ya huda robar ya binne.

Ku turo wakilinku ya zaga rumfunan masu maganin feshi ranar kasuwa, ya ga yadda ake tsiyaya shi a gorar lemo ba takarda ba suna. In ya zo ya biyo ta makarantarmu, yaran da ke feshin za su fi ni ba shi labari. Amma ya zo ranar karatu, don Asabar suna fadama.

Wassalam.

Naka,
Malamin bayoloji,
Yelwan Yauri, Jihar Kebbi.